Keken da Suka Yi wa Fenti Don Zuwana

Tun da na dawo daga Kumasi ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Duk wanda ya zauna a bencin rumfata sai ya ce, "Malam Audu, yaya Gana?" In na ce lafiya lau, sai a ce ba gaisuwa ake nema ba, labari ake so. Jiya Isa mai faci ya tambaye ni karo na huɗu, har da cewa wai tun da na dawo nakan yi shiru da sifana a hannu ina kallon titi. To ga shi na rubuta, kowa ya karanta ya ƙyale ni.

Waɗanda suka girme ku za su tuna Salisu Ɗan Gana. Ya zo Zariya yana saurayi neman aiki, ya ƙare a wannan rumfar, muka yi shekara shida muna gyaran keke kafaɗa da kafaɗa. Wata rana wani Bature mai koyarwa ya kawo mana keken tsere a ɗaure masa birki. Siriri ne, kansa a lanƙwashe zuwa ƙasa, launin ruwan toka. Mutumin ya tsaya a kanmu har muka gama, bai bar ko ɗayanmu ya hau ba. Salisu ya ɗaga shi da yatsu biyu kawai, ya dube ni. Bayan nan mun fi shekara muna maganar keken nan. Sai aka zo shekarar da aka ce baƙi su koma ƙasashensu, Salisu ya tafi, zumuncinmu ya koma wasiƙa, daga baya ya koma waya.

Bana bayan ƙaramar Salla ya kira ni, da laƙabin da ya sa mini tun muna rumfa. "Injiniya, na same shi. Irinsa sak. A cikin kayan gwanjon da ake saukewa daga jirgi. Ka zo ka gani da idonka."

Na ce ya turo hoto. Ya ce hoto ba ya nuna nauyi. Wannan kuwa gaskiya ne, ni na koya masa.

Kwana biyu bayan haka wata lamba ta kira ni. Muryar mace ce, da irin Hausarsu ta can. "Baba Audu, ni ne Ajara, ɗiyan abokinka. Baba ya faɗi bara, hawan jini. Ya warke, amma ƙafa ɗaya bai dawo daidai ba. Yanzu ya ce sai ya hau wannan keke. Mun yi magana paa, ya ƙi ji. Ƙarshe mun yarda da abu ɗaya: in kai ka duba ka ce keken lafiya ne, zai hau, ba wanda zai hana shi. In ka ce a'a, ya bari har abada. Don Allah ka faɗi gaskiya."

Kun ji abin da ya fitar da ni daga Zariya da shekara sittin da takwas. Abokina na son in ce e, 'yarsa na son in faɗi gaskiya, ni kuma ina addu'a abubuwan biyu su zama ɗaya.

Daga nan zuwa Legas ba abin da zan ba ku labari sai ciwon baya. A tashar motocin Gana aka zaunar da ni kusa da wata Hajiya Ladi, 'yar Sakkwato mai fataucin turaren wuta, wadda ta bi hanyar nan har ta san direbobi da sunayen matansu. Ta tambaye ni abin da zan sayo. Na ce ba saye zan yi ba, keke zan je dubawa.

Ta juyo gaba ɗaya ta kalle ni. "Keke? Ƙasa uku za ka tsallake don keke? Baba, a Zariyar an daina yin su ne?"

Na fara yi mata bayanin bambancin keken tsere da na kai niƙa, ta yi barci tun ban kai ga sarƙa ba. Na ji haushi, amma da ta farka ta ba ni dabino, muka shirya.

Iyaka uku muka wuce, kowace sai an sauka an bi layi an buga hatimi. A ta ƙarshe, ta shiga Gana, jami'in da ke duba kaya ya zazzage jakata ya ga sifanu uku da ɗan ƙaramin guduma a naɗe cikin tsumma. Ya tambaye ni da Turanci, na amsa da Hausa, muka tsaya muna kallon juna. Hajiya Ladi ta shiga tsakani, ta gaya masa ni likitan keke ne. Mutumin ya yi dariya, ya kama hannuna ya kai ni bayan ofishin, ya nuna mini wani keke jingine da bango, sarƙarsa na lilo. Na tsuguna na ɗaure masa ita, na gyara birkin baya tunda na riga na tsuguna. Da na dawo mota kowa na jirana, hannuna baƙi ƙirin, direba na ta faɗa da yarensu. Hajiya ta ce, "Kai dai ko Makka ka je sai ka nemi keken da za ka kwance."

A wannan hanyar na fara ganin teku. Ban san yadda zan kwatanta muku ba, ruwa ne dai da ba shi da ɗaya gefen. Motar na bin bakinsa, iska mai gishiri na shigowa, ni kuma ina tsakanin barci da ido biyu. Sai in riƙa ganin keken nan mai ruwan toka yana bin gefen titi daidai tagata, ba kowa a kansa, fedarsa na juyawa a hankali. In na buɗe ido sosai sai in ga bishiyoyin kwakwa ne da mata masu tallan burodi. In na lumshe ya dawo. Haka muka yi da shi har Ankara, babban birnin Gana.

A Ankara Hajiya ta kai ni gidan wani ɗan'uwanta a unguwar Hausawa, aka ba ni katifa a ɗakin samari. Da safe aka kawo mini abin karyawa a cikin ganye: shinkafa da wake ce ja, an ɗora mata taliya da garin rogo da dafaffen ƙwai, duk a wuri ɗaya, da wani baƙin yaji da suke kira shito. Na ɗauka miyar daddawa ce, na cika cokali. Jama'a, na ga abin da na gani. Hawaye na zuba, masu gida na ba ni haƙuri suna dariya. Amma kafin in bar Gana sai da na sa aka ɗura mini kwalba guda, tana nan a gida, matata ta ce ba za ta taɓa ba.

Ranar Asabar na shiga Kumasi, kuma ashe Asabar ce ranar makokinsu. Ko'ina rumfuna, mutane cikin baƙaƙe da jajayen zannuwa, ana kiɗa ana rawa, ga hoton mamacin ƙato yana murmushi. Mu a nan kafin la'asar an rufe mutum an zauna shiru a tabarma. Su kuma sai su ajiye shi su shirya, su raka shi da ganga. Ban ce nasu ya fi ba, amma na daɗe ina kallo ta taga. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tudun garin. Zariya shimfiɗe take, yaro ma zai tuƙa keke ba birki ya kai gida. Kumasi kuwa daga ka hau sai ka gangara, kuma a ƙasan kowace gangara akwai motocin haya da suke kira turoturo suna juyawa yadda suka ga dama. Na fahimci tsoron Ajara tun ban gan ta ba.

Gidan Salisu na Ayigya Zango, gidan haya ne mai ɗakuna kewaye da tsakar gida, rabinsu ɗaliban jami'a ne a ciki. Salisu ya fito yana dogara sanda. Na bar shi da gashi baƙi da dariya mai ƙarfi, na tarar da tsoho ƙanƙani mai jan ƙafar hagu. Dariyar ce kawai ba ta canja ba. Muka rungume juna, na ji ƙasusuwan bayansa.

Ina so in ce ina keken, amma ba a yin haka a can. Aka zaunar da ni, Ajara ta kawo ruwa ta durƙusa, na sha. Sai mutanen gidan suka zo ɗaya bayan ɗaya suna ba ni hannu, suna farawa daga dama. Da kowa ya zauna, Salisu ya gyara murya ya ce, "Nan dai lafiya muke. Baƙo, me ke tafe da kai?"

Na ce, "Kai Salisu, ba kai ka kira ni ba?"

Ajara ta rufe baki tana dariya. "Baba, haka ake yi a nan. Ko mun sani sai ka faɗa da bakinka, kowa ya ji."

Al'adar mutanen ƙasar ce, 'yan Zango suka ɗauka. Na miƙe zaune na ce na zo ne in duba keke, in faɗi abin da na gani tsakanina da Allah. Duk suka ce, "Yoo, mun ji." Sai na gane na ɗaure kaina a gaban shaidu.

Aka nuna mini ɗakina, sabuwar farar ƙasa a bango har tana ƙamshi. Ajara ta ce saboda ni aka shafa. Na yi godiya. Sai ta ƙara da murna, "Keken ma mun gyara maka shi." Na ce a nuna mini.

Suka turo shi tsakar gida. Kore ne shar, yana ƙyalli, irin koren da ake yi wa ƙofar shago. Daga kai har ƙasa. Sun kai shi wurin masu fentin mota, an goge shi da sanfefa, an cire tambarin gaba an yar, an fesa masa fenti har kan kusoshi. Duk rubutun da ke jikinsa, duk alamar da za ta gaya mini gidan da ya fito da shekarar da aka ƙera shi, ta tafi.

"Ya yi tsatsa sosai," in ji Ajara. "Mutum zai taso tun daga Najeriya, mu nuna masa abu da datti? Kunya ne kraa."

Na buɗe baki zan yi faɗa, kun san halina. Sai na ga fuskarta, ta yi abin nan ne don girmama ni, kamar yadda ta shafe ɗakin. Na haɗiye. Na ce ya yi kyau, Allah Ya yi albarka. Salisu na gefe yana kallon ƙasa, ashe yana asibiti ganin likita ranar da suka kai shi.

Washegari da hantsi na sa aka fito da shi inuwar mangwaron tsakar gida. Tunda an rufe wa ido hanya, sai a koma ga hannu da kunne. Na fara ɗaga shi da yatsu biyu. Ya taso kamar ba ƙarfe ba. Na ɗan ƙwanƙwasa ƙarfen sama da farce, a tsakiya da kuma kusa da baki. Keken banza "ƙwas" yake cewa ya yi shiru. Wannan ya yi wata 'yar ƙara siririya da ta daɗe kafin ta mutu, kuma ta tsakiya ta fi ta baki zaƙi, alamar ƙarfen ya fi sirantaka a tsakiya, an bar masa kauri inda ake haɗi. Ba kowane gida ke yin wannan ba.

Na bi mahaɗan da yatsa. Ba walda ba ce irin ta yanzu mai kama da tabon ƙuna. Hannun riga aka yi wa kowace mahaɗa, aka zura ƙarfen ciki, aka goge bakin da hannu har ya yi siriri, ga wata 'yar huda mai siffar ganye da aka yanka don ado kawai. Wani mutum ya zauna ya yi wannan da rana guda ta rayuwarsa, a wata ƙasa mai sanyi, ba tare da ya san zai ƙare a ƙarƙashin mangwaro a Ayigya ba. A gaba na lalubo ƙananan ramuka biyu inda tambarin yake. Na kifa keken, na kankare fentin ƙasan inda feda ke juyawa da ƙusa, lambobi suka fito, bugun hannu ne, ɗaya ta ɗan karkace. Inda tayar baya ke shiga kuma ƙarfe ne mai kauri da aka ƙera, da 'yan kusoshin saiti, ba falle aka yanka ba.

Ban san lokacin da tsakar gidan ta cika ba. Ɗalibai sun fito da kofunan koko a hannu, mata sun bar wanki. Ni dai na daina jin su. Sai nake ji kamar muna rumfar nan ta Zariya, rana na dukan kwano, Salisu na tsugune gefena da gashinsa baƙi. Na ce masa ba tare da na juyo ba, "Ɗan Gana, shi ne. Ko ba gida ɗaya suka fito ba, hannu ɗaya ne ya koya musu aiki."

Na ji ya ja numfashi. Ya ce, "Na gaya musu. Na gaya musu, Injiniya."

Saura lafiyarsa. Na nemi zare, Ajara tela ce, ta kawo. Na ɗaura a baya, na zagayo da shi ta gaba na mayar ɗaya gefen, na auna tazarar zaren da ƙarfen sirdi dama da hagu. Daidai suke, bai murɗe ba. Raina ya yi fari. Sai na tsaya daga gefe na kalli fok, ƙarfen da ke riƙe tayar gaba, na ga kamar ya ɗan ja baya, kaɗan ne, wanda bai sani ba ba zai gani ba. Na sa yatsa a ƙarƙashin ƙarfen da ya gangaro daga kai zuwa feda, daidai bayan mahaɗa, inda ido ba ya zuwa. Na ji shi. Ɗan ƙumburi, bai fi ƙwayar gero ba.

Na cire hannuna na sake mayarwa, ko zan ji ba komai. Yana nan. Na kankare fentin wurin. Ƙarƙashinsa akwai tsaga siririya kamar gashi, ta fara zagaya ƙarfen. Keken nan ya taɓa yin karo da gudu, gaba da gaba, wataƙila tun kafin a haifi Ajara. Zai iya ɗaukar mutum wata shida lafiya lau. Zai kuma iya rabewa biyu gobe, a tsakiyar gangara, lokacin da aka matse birki.

Wallahi na yi tunanin yin shiru. Babban yatsana na kan wurin, ba wanda ya gani. Na ce a raina tsoho ne, ba gudu zai yi ba, iyakarsa masallaci ya dawo. Na ɗaga kai na ga Salisu ya jingina da sandarsa yana kallona, fuskarsa ta koma ta yaro. Na ga Ajara a bayansa da sauran zaren a hannu. Ban taɓa jin na tsani sana'ata ba sai ranar.

Na ce, "Jama'a, jiya kun tambaye ni abin da ke tafe da ni, ga shi. Wannan keke na gaske ne. Shekara hamsin ina wannan aiki, irinsa biyu na taɓa riƙewa. Wanda ya zaɓo shi cikin tarin gwanjo ya san keke. Amma ya karye a ciki. Kada kowa ya hau shi."

Wani ɗalibi ya ce a kai Magazin, unguwar makanikai, wai can ba abin da ba sa haɗawa. Na ce ƙarfen ya yi siriri, wutar walda cinye shi za ta yi, a samu wuri biyu masu rauni maimakon ɗaya. Mutane suka watse a hankali. Ajara ta zo ta durƙusa ta ce, "Mun gode, Baba," tana kuka, ta shige ɗaki.

Muka rage mu biyu. Na kasa kallonsa. Can ya ce, "Ba ni hannunka." Ya kama yatsana ya kai shi daidai kan ƙumburin, ba tare da ya lalube ba.

"Tun ranar da na saye shi na ji," in ji shi. "Shekara shida na yi a gefenka, ka ɗauka hannuna ya mutu ne? So nake wani wanda ya fi ni sani ya zo ya ce mini ban ji daidai ba."

Na ce, "Ka yafe mini."

Ya ce, "Da ka yi ƙarya da ban sake kiran ka Injiniya ba." Ya yi 'yar dariya, ba ta kai ko'ina ba.

Na yi kwana huɗu a gidan. An kai ni babbar kasuwa na ɓace sau biyu, an ba ni sakwarar rogo da ayaba aka ce haɗiyewa ake yi ba a tauna ta, na tauna a ɓoye. Salisu na fita da ni, muna hira, amma keken na jingine a lungu an rufe shi da buhu, ba wanda ya ambace shi.

Ranar tafiyata, na sa jaka a kafaɗa, Ajara ta tsayar da motar da za ta kai ni tasha. Sai Salisu ya ce, "Injiniya, aikinka bai ƙare ba. Ba ka duba tayoyi ba."

Gaskiyarsa, da na ga tsagar na bar sauran. Na ajiye jaka. Muka kifa keken a kan sirdi da kai, na jawo wa Salisu kujera. Na ce shi zai juya. Ya miƙa hannunsa mai ƙarfin, ya kama feda ya murza sau uku, ya saki.

Tayar baya ta ɗauka. Ba ta karkata ko kaɗan ba, wayoyinta suka ɓace, sai wata 'yar ƙara take yi, tik-tik-tik, a hankali, daidai wa daida. Boris ɗin cikinta, 'yan ƙwallayen ƙarfen da take juyawa a kansu, tun na asali ne, ba wanda ya taɓa buɗe su. Salisu ya rufe ido. Na ga ƙafarsa ta hagu, mai ciwon, tana ɗan motsi a ƙasa kamar tana taka feda.

Ajara ta leƙo. "Baba Audu, mai mota ya ce zai tafi."

Na miƙa hannu zan tsayar da tayar. Salisu ya riƙe mini wuyan hannu, idonsa a rufe.

"Bar ta," ya ce. "Ban iso ba tukuna."

Na ce wa Ajara ta sallami mai motar. Na zauna a ƙasa kusa da kujerarsa, muka jira har ta tsaya da kanta.